Sai Ta Rabu

Makera, Kaduna
Yuni, 1999

Zuwa ga Yaya Shekari,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya aikin koyarwa, yaya zafin Maiduguri? In ka manta da ni, ni ce Celina 'yar Malam Filibus, wadda kake saɓawa a kafaɗa zuwa coci lokacin da kake zaune a gidanmu kana sakandare. Na san zumuncin namu sai an bi shi da tsani, kakarka da mahaifin Baba ne 'yan ɗaki ɗaya, amma ka ci tuwon Mama shekara uku, saboda haka ba ka da wurin gudu.

Muna nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Tun ciwon da ya kama Baba bara, bayan rasuwar Mama, hannunsa na dama ya mutu, ƙafar kuma jan ta yake yi. Baki da ƙwaƙwalwa kuwa garau, har sun fi da kaifi. Yayana Samson yana Fatakwal, gaisuwa yake aiko mana, mu kuma muna amsawa.

Ga abin da ya sa na nemo adireshinka. Na samu gurbi a makarantar koyon jinya ta wani asibitin mishan a Filato, za a shiga Litinin ta farko a watan Oktoba. Karo na uku ke nan ina nema, kuma sun ce wanda bai zo ranar ba, wurinsa ya zama na wani. Da na nuna wa Baba takardar bai ce a'a ba. Ka san shi, shekara talatin yana koyar da lissafi bai taɓa ba yaro amsa kai tsaye ba. Sai ya sa na shafa wa bangon falo baƙin fenti, da ya bushe ya ce in ɗauki alli in rubuta wannan:

1111111111111111111

Ya ce aikin ƙarshe da yake so ya yi a duniya shi ne ya gano lambar da za ta raba wannan ba tare da saura ba, kuma ni ce hannunsa. "Ranar da ta rabu," in ji shi, "ki tafi da albarkata." Ni kuma da bakin nan nawa na ce to, don na ɗauka aikin mako guda ne.

Tun daga ranar, da zarar jiniyar masaƙa ta yi kuka a Kakuri, ina tsaye gaban bango. Shi yana kujera yana lissafawa da baki, ni ina rubutawa. Mun haura ɗari biyar, kowace sai ta bar saura. Ranar da aka rantsar da farar hula duk Makera ta fito titi, ana kiɗa ana cewa soja ya koma bariki an saki ƙasa. Ni ina ciki ina rabawa da ɗari uku da sha bakwai.

Ba zan tafi ba tare da albarkarsa ba, ba haka Mama ta rene ni ba. An ce kai yanzu lissafi kake koyar da 'yan jami'a. Don Allah ka dubi wannan abu ka gaya mini abin da ke raba ta, in kai masa, in huta.

Ƙanwarka,
Celina

*

Maiduguri
Yuli, 1999

Ƙanwata Celina,

Na gode wa Allah da ya sa kika tuna da ni. Wa zai manta da yarinyar da ta taɓa yi masa fitsari a wuya ranar Ista? Ina lafiya, matata da yara suna gaishe ku. Labarin hannun Baba ya taɓa ni ƙwarai, ban ji ba sai a takardarki. Ki yi masa sannu.

Ki share hawayenki, abin da kika aiko ba wani abu ba ne. Na ƙirga, ɗaya ce sau goma sha takwas. In kika tara su za su ba ki goma sha takwas, kuma duk lambar da jimillar ƙwayoyinta ta rabu da uku ko da tara, ita ma za ta rabu. Tun da ana iya jera su bibbiyu ba tare da guda ta rage ba, sha ɗaya ma za ta raba ta. Ana kuma iya jera su shida-shida, wannan ya buɗe wa bakwai da sha uku da talatin da bakwai ƙofa. Lambar nan girmanta na banza ne, ta kowane gefe aka taɓa ta sai ta wargaje.

Abin da ya dame ni shi ne yadda kuka haura ɗari biyar ba ku gani ba. Baban da na sani da ido kawai zai hango uku. Ina tsoron ciwon ya taɓa lissafinsa fiye da yadda kike zato. Kada ki faɗa masa haka. Ki lallaɓa ki ce a sake gwada uku, ki bar shi ya ji kamar shi ya gano, tsoho sai da dabara.

Ki fara haɗa akwati, Nas Celina. In kin fara allura ki riƙa tunawa da mu masu tsoron ta.

Yayanki,
Shekari

*

Makera
Ƙarshen Yuli, 1999

Yaya Shekari,

Gaisuwa gare ka da iyali. Baba yana nan yadda yake, ni kuma mura ce ta kama ni, ruwan bana ya sami hanya ta kwanon ɗakina.

Na haɗa akwatin kamar yadda ka ce. Har na shiga gidan Maman Dorcas maƙwabciyarmu na yi mata albishir, ta yi mini guɗa. Raina yana gaya mini mun riga mun gwada uku tun ranar farko, amma na ce wa ni da musu da malamin jami'a, wataƙila ni ce na yi kuskure wajen rubutawa.

Dabarar da ka ce in yi ba ta yi aiki ba, don ina cewa a koma kan uku ya ce wa ya ba ni wannan shawara. Dole na nuna masa takardarka, na dai naɗe wurin da ka yi maganar ƙwaƙwalwarsa. Ya ce to madalla, a gwada. Na raba da uku, saura ɗaya. Tara, saura ɗaya. Bakwai, sha ɗaya, sha uku, talatin da bakwai, duk kanwar ja ce. Yana zaune yana kallona har na gama, sannan ya fashe da dariya har da tari. Tun rasuwar Mama ban ji ya yi dariya haka ba, kuma ban taɓa jin haushin dariyar mutum kamar ta ranar ba. Ya ce in gaya wa ɗan jami'a ya yar da ɗaya a hanyar Potiskum, ya koma ya tsinto ta.

Ko dai ninkin takarda ne ya cinye guda, ko idonka ne ya soma tsufa. Ga shi da kalmomi yadda ba za ka ɓace ba: ɗaya ce sau goma sha tara.

Yaya, na gaji. Hannuna ya yi fari ya tsattsage da alli kamar na mai aikin siminti. Nisan tafiyata yanzu daga falo zuwa kicin ne, sai ran Lahadi in riƙe shi mu ja jiki zuwa coci. Ƙawayena da muka gama makaranta tare wasu suna aiki a cikin gari, wasu sun yi aure a Mahuta suna goyo. In na rufe ido lambar nake gani a tsaye a jere kamar ƙarafan tagarmu. Maman Dorcas ta ce in na tafi ita za ta riƙa dafa masa, ta kula da wankinsa, tun da ba ta manta alherin Mama ba. Da na gaya masa sai ya ce ba batun tuwo ake yi ba, batun aiki ake yi, in ɗauko alli.

An ce kuna da kwamfuta a ofishinku. Ka zuba mata lambar nan ta tauna. Komai girman abin da zai raba ta, ka aiko, zan rubuta shi ko zai cika bango.

Ni ce,
Celina

*

Maiduguri
Satumba, 1999

Celina,

Ina gaisuwa, ina fata murar ta sake ki. Ki gafarce ni da jinkirin amsa, na rubuta sau da yawa ina yagawa.

Na ga gyaran, kuskuren nawa ne. Ban saka ta a kwamfuta ba, don babu bukata. Ki gaya wa Baba ɗansa Shekari yana roƙonsa da girman Allah ya rabu da ita. Ya riƙe ta ya isa haka nan. Shi ma ya san ba za ta ba shi abin da yake nema ba.

In Allah ya kai mu Kirsimeti zan zo mu yi magana a zaune.

Shekari

*

Makera
Tsakiyar Satumba, 1999

Yaya Shekari,

Lafiyarmu ƙalau, in dai numfashi ne lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba yau.

Duk watan Agusta ina zuwa ina tambayar akwatin gidan waya na coci har na zama abin dariya, ashe abin da zan samu ke nan, layi biyar da suka rushe mini gida. Ranar da takardarka ta zo na je chemist sayen magani, sai dattijon da ke riƙe da makullin akwatin ya biyo ta gidanmu ya miƙa wa Baba. Da haƙori ya buɗe ambulan.

Ka ce ya rabu da ita. Ka ce ya riƙe ta ya isa. Baba bai ga lamba a cikin maganar nan ba, ni ya gani. Ina shigowa ya ce ashe ƙararsa nake kaiwa har Barno, yaron da ya ciyar ya koya masa raba goma da biyu shi ne yau yake ba shi umarni a kan 'yarsa. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne wai ba zan ba shi abin da yake nema ba. Ya tambaye ni me ya taɓa nema a wurina da har zan je ina cewa ba zan bayar ba. Na rantse masa lambar kake nufi, ya ce in lamba ce me ya hana ka rubuta lamba. Ni ma da na sake karantawa ban san wadda kake nufi ba.

Tun ranar ba ya ce mini komai sai lissafi. Ya ƙara aikin, da safe da yamma. Yana faɗin lamba ina rubutawa, in na ce ga abinci sai ya ɗaga kai kawai. Gida ya zama ajin mutum biyu da ba sa ga maciji.

Shekaranjiya na ɗauki jakata na fita da niyyar ba zan dawo ba. Na shiga bas a Kakuri, muna hawa gada na ga kogi ya cika ya yi ja, sai na tuna na ajiye masa ruwan sha a gefen dama, inda hannunsa ba ya kaiwa. Na sauka a ƙetare na tako da ƙafa na dawo. Bai ma san na fita ba. Ina jin haushinsa har cikin ƙashina, ina kuma tausayinsa, kuma su biyun ba su bar mini wurin numfashi ba.

Kirsimeti da kake magana, lokacin wata ɗaliba tana kwance a gadon da aka ware mini a makarantar. Oktoba ta kusa. Ka bar kewaye-kewayen 'yan boko ka faɗa mini da Hausa: me ka gani a lambar nan? Kada ka aiko ta coci. Ka ba direbobin Kaduna, ka rubuta sunan Maman Dorcas mai ƙosai ta bakin tashar Kakuri, kowa ya san ta.

Celina

*

Maiduguri
Ƙarshen Satumba, 1999

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Lambar nake nufi, amma da na karanta takardarki na ga Baba bai yi kuskuren karatu sosai ba.

Ga shi da Hausa. Lambar nan ba ta rabuwa. Tana cikin waɗanda muke kira firam a aji, waɗanda babu abin da ke raba su sai ɗaya, sai su kansu, kamar bakwai ko sha uku. Bambancin kawai ita ƙatuwa ce, ta ɗan haura miliyan sau miliyan sau miliyan. Mai ɗaya biyu, wato sha ɗaya, haka take. Daga ita duk waɗanda ke biye suna rabuwa, mai uku, mai huɗu, har mai goma sha takwas. Sai a kan goma sha tara ƙofa ta sake rufewa. Masana sun tabbatar da haka tun kafin a haifi Baba. In mutum ya ce sai ya gwada da hannu kamar yadda kuke yi, lambobin da zai bi sun fi miliyan hamsin. Ko kuna yin ashirin kullum, aikin kusan shekara dubu bakwai ne, kuma a ƙarshe ba za a samu komai ba.

Sauran maganar ita ce ta hana ni barci. Ban san lambar nan a jami'a ba, a ajin Baba na san ta, muna aji uku. Shi ya rubuta mana ita a allo, ya bar mu muka sha wahala mako guda, sannan ya gaya mana gaskiya yana dariya. Yana ce mata gwauruwar lamba, wai ba ta da abokin zama. Da na ƙirga daidai tun farko da na gane ta nan take. Baba ya sani, Celina, kuma ba na jin ciwon ya goge masa wannan.

Na kasa rubuta miki haka a baya don bakina ya yi nauyi in ce mutumin da ya rene ni yana yaudarar 'yarsa. Har yanzu ma ba na so in kira shi haka. Ki tuna shi ma kullum yana zaune yana aikin da ya san babu amsa a ƙarshensa. Yadda za ki yi da maganar nan ke kika san shi fiye da ni, roƙona dai kada ki tunkare shi da zafi.

Yayanki,
Shekari

*

Makera
Asabar, 2 ga Oktoba, 1999

Yaya Shekari,

Gaisuwa mai yawa gare ka da matarka da yara. Takardarka ta iso ran Alhamis tana warin man ƙosai. A tsaye na karanta ta a bayan rumfar, sai da Maman Dorcas ta jawo mini benci.

Ka ce kada in je da zafi. Na yi ƙoƙari, na bar abin ya kwana. Jiya hutu ne, jiniya ba ta yi kuka ba, sai gangunan 'yan makaranta masu tafiya fareti muke ji daga titi. Baba ya zauna a kujerarsa kamar kullum ya faɗi lambar da za mu raba da ita. Na riƙe allin ban rubuta ba. Ya sake faɗa. Sai na juyo na ce, "Baba, gwauruwa ce."

Abin da ya fara cewa shi ne ashe Shekari ya tuna, yaron nan dama yana da kai. Wannan ya kunce mini baki. Na faɗi duk abin da ke cikina, na nuna masa hannuna, na ƙirga masa damina guda da na yi a gaban bangon nan, na ce da ma ya fito fili ya hana ni da ya fi mini sauƙi. Bai katse ni ba.

Da na yi shiru ya ce, "Da na ce ki zauna, da kin zauna?"

Na ce, "Da na zauna, Baba."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban iya faɗa ba. Ki tafi ɗin ma ban iya faɗa ba."

Daga nan ya miƙo hannun hagu ya ce in ba shi allin. Ya dafa kujera ya miƙe, ya ja ƙafa har gaban bango. Na matso in tallafe shi ya ce in koma baya. A ƙarƙashin lambar ya fara rubuta ta kuma, ɗaya bayan ɗaya, da hannun da bai taɓa rubutu da shi ba. Sun fito a karkace, wata doguwa wata gajeriya. Allin ya faɗi, na ɗauko masa, ya sake faɗuwa. Yana yi yana ƙirgawa a hankali har ya kai goma sha tara, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ja layi a tsakaninsu, ya raba ta da kanta, ya rubuta amsa a gefe.

Ya ce, "Ta rabu, babu saura. Karanta amsar."

Na ce, "Ɗaya."

Ya ce, "Daidai ne. Je ki haɗa kayanki."

Na durƙusa ya ɗora mini hannun a ka, da ƙurar allin da komai, ya sa mini albarka da yarenmu, irin doguwar nan da ake yi wa mai tafiya nesa. Muryarsa ba ta yi rawa ba sai da ya zo kan sunan Mama.

Gobe bayan sujada ta farko zan kama motar Jos. Na samu abin da na roƙe ka, Yaya, kuma tun jiya ban daina kuka ba. In ka tashi rubutu yanzu, shi za ka rubuta wa, da manyan baƙaƙe, don ba wanda zai karanta masa.

Ƙanwarka,
Celina